Martani: Ɓoyayyen Tambari Ba Zai Yi wa Malami Aikinsa Ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 hankalin malamai bai kwanta ba, kuma damuwar ba ta tsaya a Legas da Abuja ba. Ta biyo titin Gwarzo, ta wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ta sauka a Kabo da ƙauyukanta. A cikin wannan yanayi ne wani marubuci ɗan yankin Masanawa, mutumin da ya daɗe da alli a hannu, ya fitar da maƙala mai zafi yana albishir cewa an samo maganin ciwon. Maganin, in ji shi, shi ne ɓoyayyen tambarin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke iya dasawa a cikin rubutun da na'urarsu ta yi, tambarin da ido ba ya gani amma wata manhaja take ganowa.

Kafin a taɓa hujjarsa, hakkinsa ne a shimfiɗa ta yadda ya kawo ta. Ya ce yau malami zai ba da jinga ranar Alhamis, ranar Litinin yaron da ba ya iya haɗa jimla uku ya miƙo masa shafi biyu na Turanci mai santsi, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Malamin ya san an yi masa wayo, amma ba shi da shaida, in ya buɗe baki iyaye su ce ya sa wa ɗansu ido. Ya ce fasahar tambari ta riga ta nuna tunda Google na aiki da ita, ya kuma kwatanta ta da hoton nan da ke ɓoye a jikin takardar naira, wanda ɗan kasuwa ke ɗagawa a rana ya rabe ta gaske da ta jabu. Daga nan ya yi kira ga gwamnati ta tilasta wa kamfanoni sa tambarin. Ya nemi makarantu, tun daga sakandare har Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Kabo, su riƙa tace rubutun ɗalibai da manhajar ganowa, a kayar da duk wanda aka ga tambari a aikinsa, a wanke wanda ba a gani ba. Garaɓasar abin, a cewarsa, ita ce labaran ƙarya na lokacin zaɓe ma za su mutu murus.

Ciwon da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa duba tarin littattafan jinga ya san shi. Fasahar ma ba tatsuniya ba ce. Inda aka rabu da shi shi ne nauyin da ya ɗora mata, domin masu ƙera ta da kansu ba su ce za ta iya ɗauka ba.

Sai an san yadda tambarin yake kafin a san iyakarsa. Na'urar da ke rubutu ba ta tsara magana a zuci sannan ta zubo. Kalma-kalma take tafiya, wani lokaci ma guntun kalma, kuma a kowane taki tana da jerin kalmomin da za su iya biyowa, kowace da nauyinta. In ta rubuta "manomi ya fita gona da", abin da zai biyo baya zai iya zama "asuba", ko "sassafe", ko "fartanya", ko "'ya'yansa". Duk sun zauna daidai. A wannan 'yar sararar ake cusa tambarin. A Janairun 2023 John Kirchenbauer da Tom Goldstein da abokan aikinsu a Jami'ar Maryland ta Amurka suka fitar da dabarar da ta fi shahara. Kafin kowace kalma, wani mabuɗi zai raba kalmomin da na'urar ta sani gida biyu, kore da ja, sannan a ɗan ingiza na'urar ta fi ɗaukar kore. Rabon yana sauyawa gwargwadon kalmar da ta gabata, don haka mai karatu ba zai lura da komai ba. Mutumin da ya rubuta da kansa bai san kore ba bai san ja ba, kalmominsa za su watsu nan da can yadda sa'a ta kai su. Rubutun na'ura kuwa kore zai yi masa yawan da sa'a kaɗai ba ta bayarwa. Mai mabuɗi sai ya ƙirga, lissafi ya ba shi amsa.

Tun a 2022 Scott Aaronson, masanin ilimin kwamfuta na Jami'ar Texas, ya tsara wa OpenAI, kamfanin ChatGPT, wata dabara mai kama da wannan. Google kuma ta bi tata hanyar da SynthID, ta wallafa bayaninta a mujallar Nature a Oktoban 2024, bayan ta gwada ta a kan amsoshin na'urarta Gemini kimanin miliyan 20 ba tare da masu amfani sun ji bambanci a ingancin rubutun ba. Aiki ne na basira, babu mai ja. Amma a lura da abin da bayanin ya nuna: babu wani hatimi da aka buga a ƙasan shafi. Karkata ce kawai a zaɓin kalmomi. Tana buƙatar kamfanin da ya yarda ya sa ta, da rubutu mai ɗan tsawo, da maganar da ke da hanyoyin faɗa da yawa, da kuma kalmomin su zauna yadda na'ura ta ajiye su. In ɗaya ya faɗi, tambarin ya raunana ko ya ɓace.

To a dawo kan takardar naira. Abin da ya sa ɗaga ta a rana yake aiki shi ne mai fitar da ita ɗaya ne tilo, Babban Bankin Najeriya. Duk dubu ɗayar da ba ta da alamar, ta jabu ce, magana ta ƙare. Shin masu fitar da rubutun na'ura ma ɗaya ne? Yaron Masanawa da ke riƙe da wayar yayansa ba ya ma buƙatar sauke wata manhaja, domin tun Afrilun 2024 Meta AI take zaune a cikin WhatsApp a Najeriya. Ga ChatGPT, ga DeepSeek na ƙasar Sin, ga wasu da dama. Mabuɗin Google ba ya buɗe ƙofar kowa sai tata. Manhajar SynthID in ta duba rubutun da ChatGPT ya yi, ba za ta ga komai ba, kamar yadda ba za ta ga komai ba a rubutun yaron da ya kwana yana gumi da fitila. A tsarin da marubucin ya zana, dukansu biyu an wanke su. Wannan ne maganin?

Zai ce ai shi ya sa ya nemi doka ta tilasta wa kowa. Sai a tuna masa labarin OpenAI. A Agustan 2024 jaridar Wall Street Journal ta bayyana cewa kamfanin ya shafe kusan shekara guda da dabarar tambarinsa a hannu, a shirye, amma ya ƙi sake ta. Cikin dalilan har da wani binciken jin ra'ayi da ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na masu amfani da ChatGPT za su rage amfani da shi in aka sa tambari alhali abokan hamayya ba su sa ba. Kamfanin da ya auna ribarsa ya ajiye abin a aljihu, shi ne zai ciro shi saboda takardar umarni daga ofishin ilimi na Kabo? Manyan ƙasashe dai sun motsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta wajabta wa masu irin waɗannan na'urori sa alamar da kwamfuta za ta iya karantawa, ƙasar Sin ma ta fara aiki da nata ƙa'idojin lakabi a ranar 1 ga Satumban 2025. Madalla da wannan. Sai dai doka tana kama kamfanin da ke da ofis da adireshi ne. Na'urorin da aka saki a buɗe, irin su Llama na Meta da Qwen na Alibaba, kowa na iya sauke su ya kunna a kwamfutarsa, kuma wanda ya kunna shi ke da ikon sa tambari ko barinsa.

Akwai abin dariya a nan da marubucin bai hango ba. Gwamnatin tarayyar da yake roƙo ta toshe ƙofa, ita ce a Satumban 2025 ta ƙaddamar da N-ATLaS, na'urar harshe mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma a buɗe ta sake ta don kowa ya ɗauka ya gina a kai. Matakin ya dace, harsunanmu suna buƙatarsa. Amma ba a raba iri kyauta a kasuwa sannan a ce za a ƙirga kowace gonar da aka shuka shi.

A ɗauka ma an yi abin da ba zai yiwu ba, duk na'urorin duniya sun sa tambari. Nan ne babbar matsalar take, kuma ta fi shafar mai jin Hausa fiye da Bature. Tunda tambarin a zaɓin kalma yake zaune, duk abin da ya sauya kalmomi yana wanke shi. Watanni biyu kacal bayan dabarar kore da ja ta fito, wasu masu bincike a jami'ar ta Maryland ɗin, ƙarƙashin Soheil Feizi, suka nuna cewa in aka ba wata na'ura rubutun ta sake faɗarsa da wasu kalmomi, ganowar takan yi ƙasa sosai. A 2024 wani binciken ya nuna fassara zuwa wani harshe ma haka take yi. Google da kanta ta rubuta cewa tabbacin manhajarta yana raguwa ƙwarai in aka sake rubuta abu sarai ko aka fassara shi. OpenAI ta faɗi irin wannan game da tata dabarar. Google Translate kuwa tun Disamban 2013 yake jin Hausa. Ke nan yaron da ya sa na'ura ta yi masa jinga da Turanci, ya juya ta Hausa, ya sake juyo ta Turanci, ya gyara wurare biyu-uku da hannunsa, ya gama wanki kafin shayinsa ya huce. Ba sai ya je wata makarantar koyon kutse ba. Ranar da aka fara tacewa a makaranta guda, kafin sati ya zagayo dabarar ta gama ajin.

Wa ya rage a cikin raga? Wanda bai san ana farauta ba.

A ɗauki yarinya 'yar aji biyar ta sakandare a Masanawa. An ce ta rubuta yadda ake wata sana'a a garinsu. Ta zauna kusa da mahaifiyarta, ta rubuta da Hausa yadda ake soya gyaɗa, a murje ɓawon, a kai niƙa, a murza da ruwan zafi har mai ya tsattsafo, a mulmula tunkuza a soya ƙuli-ƙuli. Ta rubuta abin da ake kashewa a kwanon gyaɗa da abin da ke dawowa. Duk tunanin nata ne, duk lurar tata ce. Turancinta ne bai kai ba, sai ta ba Gemini ya juya mata. Rubutun da ya fito zai iya zuwa ɗauke da tambari, tunda na'urar ce ta zaɓi kalmomin Turancin. A gefenta ga yaron nan mai wanki, wanda bai taɓa tambayar kowa komai ba, ya fito fes. In darasin na koyon Turanci ne, ita ma tana da laifinta, kuma malami ya kamata ya gaya mata. Amma laifinta da nasa ɗaya ne? Tambari ba ya rabe wanda ya nemi a yi masa tunani da wanda ya nemi a gyara masa harshe. OpenAI ta ambaci wannan a fili cikin dalilanta na jan ƙafa: tsoron kada abin ya shafa wa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne baƙin fenti. Mutanen da take nufi su ne ɗaliban marubucin.

Da ya nemi kwatance mafi dacewa, da bai je wurin naira ba, da ya leƙa gafakar tsofaffin malamai. Ƙasar Hausa ta san ɓoyayyen tambari tun kafin Turawan mulki. Takardar da aka rubuta littattafai da yawa na zamanin Daular Sakkwato a kanta daga arewacin Italiya ta fito, kuma a Italiya ne aka fara wannan sana'a ta sa alama a jikin takarda tun ƙarshen ƙarni na 13. Fatake ne suka riƙa ratso da ita Sahara ta Turabulus da Masar har Kano. In aka ɗaga irin wannan takarda a haske, sau da yawa za a ga jinjirin wata uku a jere, ko alamar gidan Galvani na garin Pordenone. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce, irin waɗanda ke aiki a Gidan Arewa da ke Kaduna, suna amfani da waɗannan alamomi har yau wajen ƙiyasta zamanin da aka kwafi littafi. Amma ba a taɓa jin ɗayansu ya ga wata uku ya ce Ba'italiye ne ya wallafa littafin ba. Alamar tana faɗin inda takarda ta fito. Mawallafi kuwa ana gano shi ta sunan da ya sa, da salonsa, da silsilar malaman da suka karantar da littafin hannu da hannu. Tambarin yau ma iyakarsa ke nan: yana cewa kalmomin nan sun ratsa ta na'urar wane kamfani. Ba ya faɗin wanda ya yi tunanin, ba ya faɗin ko maganar gaskiya ce.

Sai kuma irin jingar da ake bayarwa a zahiri. Mafi yawanta tambaya ce mai amsa guda: a wace shekara aka ƙirƙiri jihar Kano, mene ne ma'anar zaizayar ƙasa, lissafo sassan fure. Amsar ta farko 1967 ce, ko mutum ya faɗa ko na'ura. Babu kore babu ja a wurin, domin babu zaɓi. Google ta yarda cewa tambarinta ba ya da ƙarfi a amsoshin da suka ginu a kan tsagwaron bayani, kuma ya fi aiki a dogon rubutu. Amsa mai layi huɗu ba ta ba lissafi abin kamawa.

Kuma a ina rubutun yake? A littafin rubutu mai bangon kwali, da biro, da rubutun hannun da wani lokaci sai malamin ya karkata kai kafin ya karanta. Gaskiya ne tambarin yakan tsira in yaro ya kwafe kalma da kalma bai sauya komai ba. Amma kafin manhaja ta duba, sai wani ya shigar da rubutun cikin kwamfuta. Wa zai shigar? Da wace wutar, da datar wa? Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, da bakinsa ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma makarantu kimanin 400 malami ɗaya ne ke riƙe da kowacce. Wannan malami ɗaya tilo, bayan ya koyar da lissafi da Hausa da kimiyya tun safe, shi ne zai kwana yana buga jingar yara a waya don ya tura wa wani kamfani a Amurka? Ba a ma zo maganar ko ya halatta a tura aikin ƙananan yara waje ba tare da yardar iyayensu ba, alhali ƙasar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Akwai wani ruɗani a maƙalar da ya fi duk waɗannan haɗari. Marubucin ya ce manhajojin ganowa sun cika intanet, wasu ma kyauta. Sun cika, amma ba masu karanta tambari ba ne. Masu canki ne. Suna duba salon rubutu su ce wannan ya yi kama da na na'ura. OpenAI ta fitar da irin wannan a Janairun 2023, ta ce da kanta kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura yake kamawa, yana kuma ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifi, ta janye shi a Yulin shekarar. A 2023 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji bakwai a kan rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne suka yi da hannunsu. A matsakaici, sama da kashi 61 cikin 100 aka ce na'ura ce ta rubuta. Rubutun yaran Amurka kuwa kusan duk an gane na mutane ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai koyon harshe yakan tsaya a kalmomin da ya tabbatar da su, jimlolinsa su zo a miƙe, wannan kuwa shi ne abin da manhajar take ɗauka alamar na'ura. Jami'ar Vanderbilt ta kashe irin wannan ma'auni na kamfanin Turnitin a Agustan 2023, bayan ta lissafa cewa ko kuskuren kashi 1 cikin 100 ne, a takardu 75,000 da ta tura a shekarar da ta gabata, 750 ke nan za a iya zarga a banza. A Mayun 2023 kuma wani malamin jami'a a jihar Texas ya zuba rubutun ɗalibansa cikin ChatGPT ya tambaye shi ko shi ya rubuta. ChatGPT, wanda ba shi da hanyar sanin haka, ya amsa cewa shi ne, aka riƙe wa ɗalibai sakamako ana dab da ba su shaidar kammalawa.

Adalci ya sa a ce tambari na gaske ya fi waɗannan masu canki nesa ba kusa ba wajen guje wa zargin marar laifi. Matsalar ita ce ba shi ne zai iso hannun shugaban makaranta a Getso ko Garo ba. Mabuɗin yana wurin kamfani. Da Google ta sanar da shafinta na binciken SynthID a Mayun 2025, da jerin jira ta fara, na 'yan jarida da masu bincike. Dabarar da ta saki a buɗe kuwa don masu ƙera na'urori ce su sa nasu tambarin da nasu mabuɗin. Kamfanonin suna da dalilin rowa: in aka ba kowa ma'aunin, ɗalibi ma ya samu, sai ya yi ta sauya kalmomi yana gwadawa har ma'auni ya ce babu komai. In aka hana, malami bai samu ba. Duk shugaban makarantar da ya karanta maƙalar ya ɗauki shawararta, abin da zai tarar a kasuwa shi ne mai canki, kuma an riga an ga waɗanda mai canki ya fi kamawa.

Batun labaran ƙarya ba ya buƙatar dogon zance. Wace na'ura ce ta rubuta jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har sai Yulin 2004 aka dawo da shi? Wace ce ta ƙirƙiro Jubril na Sudan, labarin da ya kai Shugaba Buhari ga tsayawa a ƙasar Polan a Disamban 2018 yana tabbatar wa jama'a cewa shi ne da kansa? Ƙarya a wannan yanki da baki take tafiya: saƙon murya, majalisar bakin titi, teburin mai shayi, shirin siyasa na rediyo da dare. Ƙaryar da mutum ya rubuta ba ta da tambari, sanarwar gaskiya da sakataren ƙungiya ya sa na'ura ta gyara masa tana iya samunsa. In aka koya wa jama'a cewa rashin tambari shaidar gaskiya ce, an yi wa sojojin baka hidima kyauta. Kuma tambarin ma ana satarsa. A 2024 masu bincike a ETH Zurich ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa da abin da bai kai dala 50 ba, mutum zai yi ta yi wa na'ura tambayoyi har ya gano tsarin kore da ja, daga nan ya iya goge tambari daga rubutun na'ura, ya kuma iya liƙa shi a rubutun da ba ita ta yi ba.

Matsayin mai wannan martani a fili yake. A tilasta wa kamfanoni sa tambari, a rubutu da hoto da murya, kuma Najeriya ta sa bakinta a wannan kira. Yana da amfani inda ake duba abu da yawa a dunƙule: dandalin sada zumunta da ke son gano dubban saƙonnin da inji ɗaya ya watsa, ko kamfanin da ke son tsame rubutun na'ura daga abin da yake horar da sabuwar na'urarsa da shi. A can kuskure ɗaya ba ya kashe rayuwar kowa. Amma kada a kayar da yaro ko a kore shi a kan maganar manhaja ita kaɗai, ko da mai karanta tambari ce ta gaske. Iyakarta ta sa malami ya kira ɗalibi ya zauna da shi.

Wannan zaman shi ne abin da maƙalar ta tsallake gaba ɗaya, kuma abin mamaki ne daga mutumin da ya tashi a ƙasar makarantun zaure. A zaure ba a taɓa karɓar takarda a matsayin shaidar karatu ba. Ɗalibi ya buɗe littafi gaban malam, ya karanta, ya fassara, malam ya tare shi a tsakiyar layi ya ce me ya sa wannan kalma ta ɗauki wannan wasali. A musabaƙa alƙali ne ke jawo aya daga inda ya ga dama, mahaddaci ya ɗora. Jami'a ma har yau ba ta ba da babban digiri sai an tsaya an kare kundi da baki. Malamin da aka kawo wa Turanci mai santsi ba ya buƙatar mabuɗin Google. Ya ce wa yaron ya rufe littafin ya faɗi abin da sakin layi na biyu yake nufi, da Hausa ma in ya so. Minti biyu sun isa. Yarinyar mai ƙuli-ƙuli za ta yi bayani har sai an ce ta isa haka, mai wankin kuwa zai tsaya yana kallon silin.

Za a ce aji ya yi cunkoso. Gaskiya ne, shi ya sa ba sai an tambayi kowa kullum ba. In ɗalibai sun san duk mako za a zaɓi biyar ba tare da sanarwa ba, lissafin mai son wayo ya sauya. A mayar da rubutun da ake ba maki mai nauyi cikin aji, gaban malami. A ba da jingar da amsarta ke bakin mutanen gari: farashin buhun masara a kasuwar Getso wannan makon da na watan jiya, abin da masu noman rani na bakin madatsar Guzuguzu suke shukawa da dalilinsu. Na'ura za ta iya ƙaga amsa, amma malamin da ke cin wannan kasuwa zai gane ƙagen. A kuma sa doka mai sauƙi, kowane ɗalibi ya rubuta a ƙasan aikinsa abin da na'ura ta taya shi da shi, fassara ce ko gyaran nahawu ko neman bayani, a hukunta ɓoyewa. Duk wannan malamai yake buƙata, kuma kuɗin lasisin manhaja da ake biya da dala duk shekara, albashin malamai nawa ne?

Akwai gwajin da marubucin zai iya yi a ɗakin malamai kafin ya sake ɗaukar alƙalami. Ya sa Gemini ya rubuta masa shafi guda, ya ba Meta AI ta sake faɗarsa da wasu kalmomi, ya juya wani kwafin Hausa ya dawo da shi Turanci. Ya haɗa da rubutun ɗalibansa biyar da suka yi a gabansa, da wata tsohuwar maƙalarsa ta Turanci da ya rubuta kafin 2022. Ya zuba su duka a manhajar da yake so makarantun Kabo da Gwarzo su saya, sannan ya buga sakamakon yadda ya fito, tare da sunan manhajar da farashinta a naira.